Ɗaukar Hoton Aligeta a Fadamun Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina zarya a fadamun kudancin Amurka da kyamara a wuya, kuma duk sa'ad da 'yan uwa suka ga hotunan, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Wasu ɗalibai ne da ke karatu a Florida ko Texas suna son su je su gwada, wasu kuwa suna gida, dabbar ce kawai ta ba su sha'awa. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da na sani a kansu.

Wai aligeta ba kada ba ne?

Dangi ne, amma ba ɗaya suke ba. Mu kalma guda muke da ita, kada, kuma mun san shi tun kaka da kakanni, har sunan Kaduna ma daga jam'in kada aka samo shi. Sai dai kadan kogunanmu na Afirka gidansu daban, aligeta gidansa daban. Aligeta iri biyu ne kacal a duniya: na Amurka, da wani ƙarami na ƙasar Sin da ke yankin kogin Yangtze, wanda saura kaɗan ya ƙare a daji. Sunan ya fito ne daga bakin Sifaniyawan da suka fara isa Florida, da suka gan shi suka ce "el lagarto", wato ƙadangare.

Mai ɗaukar hoto ya dubi baki. Na aligeta mai faɗi ne, gabansa a zagaye kamar bakin shebur, kuma idan ya rufe shi haƙoran sama kawai ake gani. Na kada siriri ne mai tsini, kuma haƙori na huɗu na ƙasa yana leƙowa waje ko da bakin a rufe. Launin aligeta ya fi duhu, kusan baƙi idan ya jiƙe. Kudancin Florida ne kaɗai wuri a duniya da su biyun ke zaune tare a daji, don haka wanda ya je Flamingo, can ƙarshen hanya a gandun Everglades, zai iya dacewa ya ga kadan Amurka na ruwan gishiri bayan ya gama da aligeta da safe. A nan gaba idan na ce kada, aligeta nake nufi, sai in na fayyace.

A ina ake samunsa?

Daga North Carolina har gabashin Texas, duk inda akwai ruwan daɗi mai kwanciya. Louisiana na da kimanin miliyan 2 a daji, Florida kuma wajen miliyan 1.3. Wanda ya ji wannan adadi zai yi mamaki idan aka ce masa a 1967 gwamnatin Amurka ta sa aligeta cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, saboda farautar fatarsa da ake yi ba ƙaƙƙautawa. Da aka hana, aka kuma tsare fadamun, a 1987 aka bayyana cewa ya farfaɗo.

Ga mai kyamara, yawa ba shi ne abin nema ba, wurin da za ka gan shi a sarari kana tsaye kan busasshiyar ƙasa shi ne. A Everglades akwai Anhinga Trail kusa da garin Homestead, gajeriyar hanya ce da gadar katako, zuwa da dawowa bai fi kilomita 1 da ɗan ɗori ba, amma babu inda na san ya kai ta sauƙi. Akwai Shark Valley a kan titin Tamiami, zagaye ne na kilomita 24 da ake yi da keke ko motar jan baƙi, da hasumiyar hange a tsakiya. A can kadoji sukan kwanta a gefen kwalta kamar an jera itace. Mutanenmu na Houston ba sai sun yi nisa ba, Brazos Bend State Park na nan kudu maso yamma da birnin. A Georgia akwai Okefenokee, mai ruwa baƙi kamar shayin da ya daɗe a buta, ruwan da ke maido da hoton itatuwa tamkar madubi. A Louisiana kuma Lake Martin kusa da Lafayette.

Wanda zai ajiye mota a wurin ajiyar Anhinga Trail ya kula da ungulaye. Suna yage robar gilashi da ta abin share ruwa, shi ya sa mutane ke lulluɓe motocinsu da tamfol.

Wane lokaci na shekara ya fi?

A kudancin Florida, rani, daga Disamba zuwa Afrilu. Everglades ruwa ne shimfiɗaɗɗe marar zurfi da ke tafiya a hankali cikin ciyawa. Idan damina ta ɗauke sai ya janye, kifi ya taru a ramuka, kuma yawancin ramukan nan kadojin ne da kansu ke tona su da baki da ƙafa. Inda kifi ya taru nan zalɓe da balbela da kififiya za su taru, ga mai ramin kwance a tsakiya. Da damina kuwa ruwa ya cika ko'ina, kowa ya watse, ga sauro da zai hana ka tsayuwar minti biyar.

A arewacin yankin nasu, inda hunturu ke da ƙarfi, lissafin ya bambanta. Jinin kada ba ya ɗumama kansa. Idan zafin gari ya sauka ƙasa da digiri 21 sai ya daina cin abinci, in ya kai wajen 13 sai ya lafe. A North Carolina an sha ganinsu ruwa ya daskare sun bar hanci kawai a saman ƙanƙara suna numfashi har gari ya sake. A irin waɗannan wurare bazara ta fi, Maris zuwa Mayu.

Da safe ko da yamma?

Da sassafe domin haske da tururin da ke tashi kan ruwa, da hantsi domin ganinsu a tudu. Bayan dare mai sanyi sukan fito shan hantsi, su kwanta sa'o'i ba motsi. In ka ga ya wangale baki yana kwance, ba barazana yake yi ba, zafi yake fitarwa. Tsakar rana hasken ya yi tsauri, fatar ta bushe ta yi toka-toka, hoton ba ya armashi. Da almuru suke farauta, lokacin nan hoto na da kyau, amma shi ne kuma lokacin da ya kamata ka fi nisantar bakin ruwa.

Kusa nawa zan iya matsawa?

Hukumar gandun Everglades ta ce kada a matsa ƙasa da ƙafa 15, wato kusan mita 5. A Brazos Bend ƙafa 30 suke cewa, mita 9 ke nan. Ni da na biyun nake aiki ko'ina, kuma ina roƙon kowa ya yi haka.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne kwanciyar tasa. Dabba ce da za ta yi awa uku ko ido ba ta ƙifta ba, har baƙo ya fara tambaya ko gunki ne aka ajiye. To wannan rashin motsin shi ne sana'arsa. Bai iya dogon gudu ba, amma zaburar farko, daga kwance zuwa tsawon jikinsa ko fiye, tana faruwa kafin ka ɗaga ƙafa. Kuma ba gaba kawai yake kai hari ba, yana wurga kai gefe da sauri, jelar ma makami ce. Namiji babba na iya haura mita 4, mace ba kasafai take wuce mita 3 ba.

Akwai wata dabara ta masu ƙidayar kadoji da ke amfanar mai hoto. Idan kai kawai ka gani a ruwa, ƙiyasta tazarar da ke tsakanin ido da hanci. Kowane inci ɗaya, ƙafa ɗaya ne na tsawon jiki. Inci 10 tsakanin ido da hanci, dabba mai ƙafa 10 ce a ƙarƙashin ruwan, ko da ba ka ga sauran ba.

Shi da kansa yakan gaya maka in ka wuce gona da iri. Zai yi huci mai ƙarfi kamar tayar da ke sacewa, ya kumbura jiki, ko ya juyo ya fuskance ka. Ko kuma ya sulale ruwa ya bar hantsin da yake sha. Wannan na ƙarshen mutane ba sa ɗaukarsa komai, alhali ka tashe shi daga ɗumin da yake buƙata don narkar da abincinsa. A wurina duk hoton da ya sa dabbar ta canza abin da take yi saboda ni, hoton ya lalace tun kafin in danna.

Abu ɗaya da na koya da tsoro: wanda kake kallo ba shi ne abin damuwa ba. Wata safiya na tsuguna ina ɗaukar wani da ke tsallaken ƙorama, idona a manne da kyamara kusan minti goma. Da na sauke ta, sai ga idanu biyu da hanci cikin kainuwa, bai fi taku huɗu daga gwiwata ba. Ban ji motsin ruwa ba, ban ga ganye ya kaɗa ba. Na ja da baya a hankali, hannuna na rawa. Tun ranar ba na tsugunawa a bakin ruwan da ban ga ƙasansa ba, kuma duk 'yan daƙiƙu sai na ɗago ido daga kyamara na dubi hagu da dama.

Wayata za ta isa, ko sai babbar kyamara?

A Anhinga Trail da Shark Valley waya mai zum na gaske za ta ba ka hoto mai kyau na dabbar cikin muhallinta. Illar waya ita ce tana kiran mai ita ya matsa. Allon ya nuna kada ƙarami, sai ƙafa ta ƙara taku. In waya ce da kai, ka yarda tun farko cewa hoton fadama za ka ɗauka, da kada a cikinta.

Mai son ƙwayar ido da zanen fata yana buƙatar gilashi mai jawo nesa, milimita 300 zuwa 400 ko fiye. Irin mai zum daga 100 zuwa 400 ya fi mini amfani, don kada na iya kasancewa nesa, tsuntsu kuma ya sauka kusa. Sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku a kan gadar katako, saboda duk wanda ya wuce katakon na girgiza. A sa gilashin tace ƙyalli a gaba, yana kashe walƙiyar ruwa har ka hango jiki da ƙafafu a ƙarƙashi. Sannan in ka fito daga mota mai sanyin na'ura zuwa danshin fadama, gilashi zai yi gumi. Ka ba shi minti goma sha biyar a jaka kafin ka buɗe.

Me ya sa kadan ke fitowa baƙi ƙirin a hotunana?

Kyamara na auna hasken ruwa ne mai ƙyalli, sai ta rage haske, dabbar da dama baƙa ce ta zama inuwa. Ƙara haske da mataki ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, ko ka sa ta auna daga jikin dabbar kawai. A baƙin ruwa irin na Okefenokee akasin haka ke faruwa: kyamara ta ga duhu ta ƙara haske, haƙora da farin maƙogwaro su ƙone. Nan ragewa za ka yi. Saiti kullum a kan ido. Ga wanda ke kwance saurin ƙiftawar kyamara na 1/250 na daƙiƙa ya isa, amma in kana jiran ya cafki kifi, kada ka sauka ƙasa da 1/1000.

Hotunan da ake ɗauka daidai da idonsa, ba kwanciya ake yi a gabansa ba?

A'a, kuma kada wanda ya gwada. Hoton da aka ɗauka daga sama yana mai da kada kamar gungume, wanda aka ɗauka daidai ido kuwa yana da rai, wannan gaskiya ne. Amma nisa ne ke yin aikin. Idan kana mita 20 da dogon gilashi, ko a zaune kake, kusurwar ta kwanta har a ga kamar a ruwan kake. Ka nemi wanda ke tsallaken ruwa, ko wanda ya hau gaɓa mai tudu. Kyamarori masu allo mai lanƙwasuwa ma sun sauƙaƙa, sai ka sauke ta ƙasa kai kana tsaye. Miƙa hannu da kyamara ta ƙarƙashin shingen gada kuwa, kai wa kada abinci ne har gida.

Mene ne rawar ruwa da ake faɗa?

Wannan ita ce abin da ke mayar da ni fadama duk bazara. Daga Afrilu zuwa Mayu lokacin neman mata ne, kuma maza na ruri da sassafe. Namiji zai ɗaga kai sama, ya ɗaga jela, ya haɗiyi iska har ya kumbura, bayansa na daidai da fuskar ruwa. Kafin ka ji komai, sai ruwan da ke bayansa ya fara tsalle, ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero a kan ganga ana kaɗawa. Sauti ne mai zurfin da kunnen mutum bai kama shi, jikinsa ke fitarwa. Bayan nan rurin ya biyo, kana jinsa a ƙirji kafin kunne. Da ɗaya ya fara, na gaba ya amsa, na can ma ya amsa, har fadamar duka ta ɗauka. Mata ma suna ruri, amma rawar ruwan ta maza ce.

Karon farko da na gani gari bai gama wayewa ba, rana na bayan dabbar, kowane ɗigo ya kama haske kamar garwashi. Abin bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Wanda ke son wannan hoto ya zaɓi babban namiji guda, ya tsaya inda rana za ta kasance a bayan dabbar ko a gefenta, ya sa sauri 1/1000 ko sama, ya jira. Da zarar kai da jela sun tashi, fara dannawa. Yakan maimaita sau da yawa a jere, don haka in na farko ya kuɓuce, kada ka sauke kyamara.

'Ya'yan fa? Suna da ban sha'awa.

Ƙwarai. Suna ƙyanƙyashewa daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, tsawonsu bai fi tafin hannu da yatsu ba, baƙaƙe da ratsin rawaya. Uwar tana tara ciyawa da laka ta yi tsibi a ƙarshen Yuni ko Yuli, ta saka ƙwai 30 zuwa 50 a ciki, ruɓewar ciyawar ce ke ɗumama su har wata biyu da 'yan kwanaki. Zafin tsibin ne ma ke yanke ko maza za a samu ko mata. Idan sun fara kuka daga cikin ƙwai sai ta tone su, ta kwashe su a baki zuwa ruwa, ta kuma tsare su shekara guda ko fiye.

Saboda haka duk inda ka ga 'ya'ya, uwa na nan ko ba ka gan ta ba. Kada da ke gudun mutum a sauran lokuta, a kan tsibinta ba ta gudu. Ninka nisanka. Kada ka shiga tsakaninta da su, kada ka kwaikwayi kukansu don ta ɗago kai, kamar yadda na ga wasu na yi.

Idan na jefa masa ɗan nama don ya buɗe baki fa? A Paga ai har zama ake yi a bayansu.

Wanda ya je Paga a arewacin Ghana ya ga yadda ake kiran kada da kaza, baƙo ya riƙe jela a ɗauke shi hoto. Wannan al'adar mutanen garin ce, da imaninsu game da kadojin tafkinsu, da masu kula da suka tashi tare da su. Ba abin da za a ɗauka a kai fadamar Florida ba ne.

Ciyar da aligeta laifi ne a dokar Florida, haka ma a Texas. Amma ba tarar ce ta fi damuna ba. Aligeta a ɗabi'arsa yana kauce wa mutum. Ranar da ya ci daga hannun wani, ya koyi cewa mai ƙafa biyu a bakin ruwa abinci ne ke tafe. Gobe sai ya nufo wani, wataƙila yaro, wataƙila tsohuwa da karenta. Sai a kira hukumar namun daji ta jihar, ta turo mai tarko. A Florida wanda ya kai ƙafa 4 aka kuma ga yana da haɗari ba a mayar da shi wani tafki, don sukan yi ƙoƙarin komawa inda aka ɗauko su. Yawanci kashe shi ake yi, kuma dubbai ake cirewa haka duk shekara. Sabo turken wawa, amma a nan wanda ya saba ɗin ba shi ya jawo ba. Mai hoto ya samu bakin a buɗe ya tafi gida, dabbar ta biya da ranta.

Wasu masu yawo da baƙi a jirgin ruwa a Louisiana suna jefa alewa mai laushi ko nama don kadoji su yi tsalle. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya, in suna yi ka nemi wani jirgin. Jifa da tsakuwa ko zungura da sanda don ya motsa duk layi ɗaya ne.

Da dare fa? Da filasha da jirgi marar matuƙi?

Idon aligeta yana da wani shimfiɗi a bayansa da ke maido da haske, shi ya sa in ka haska tocila a ruwa za ka ga jajayen ɗigo bibbiyu kamar garwashin taba. Da irin wannan haskawa masu bincike ke ƙidaya su. Hoto ne mai kyau, amma a yi shi daga gada mai shinge, da haske marar ƙarfi, na ɗan lokaci. Filasha a fuska daga kusa ba na yi. Jirgi marar matuƙi kuwa an hana tashinsa a gandayen ƙasa na Amurka tun 2014.

Ana ɗauka daga kwalekwale?

Ana yi, a Okefenokee ma shi ne hanya mafi kyau. Hannu da igiyar kyamara su tsaya a ciki. Kada ka tare wa wanda ke tudu hanyarsa ta komawa ruwa, domin in ya firgita ruwan zai nufa, ko kana gabansa. A ƙuntatacciyar hanya ka ɗan buga filafili a jikin jirgi ya san kana tafe.

In ya biyo ni me zan yi?

Gudu, miƙe, nesa da ruwa. Maganar gudun karkace-karkace tatsuniya ce, tana rage maka sauri ne kawai. Ba ya bin mutum da nisa a tudu. In Allah ya kiyaye ya kama, a yi ta dukan hanci da tsokale ido, kuma ko ƙaramin cizo ne a je asibiti, don bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta. Cizo ba kasafai yake faruwa ba idan aka kwatanta da yawansu, amma a watan Yunin 2016 wani ya ja yaro ɗan shekara 2 daga bakin tafki a wani wurin shaƙatawa kusa da Orlando, da almuru, a ruwan da bai kai gwiwa ba. Mai zuwa da yara ya riƙe hannunsu, kyamara ta jira.

Sau ɗaya kawai zan samu zuwa. Ina zan nufa?

Everglades, a Fabrairu ko Maris. Kwana a Homestead, ka isa Anhinga Trail kafin fitowar rana, ka zauna har hantsi ya ɗaga. Kashegari ka tafi Shark Valley da wuri, domin wurin ajiye mota na cika da sauri a wannan lokaci. Ka hayi keke, ka ɗauki ruwan sha mai yawa da hula, babu inuwa a hanyar. Daga saman hasumiyar za ka hango su a ramin da ke ƙasa, wani lokaci goma ko fiye, da kififiya na iyo a tsakaninsu.